Addu'ar da Na Yi wa Kansila Haladu

Zuwa ga ɗana Ishaya, autana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sauke ka Kaduna lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da maigida mai tsoronsa a wurin aikin ɗab'in da ka samu. Na cusa wannan takarda a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don kada ka gan ta sai ka isa. Da gangan na yi haka. Abin da ke cikinta ba zan iya faɗa maka ina kallon idonka ba.

Auta, tun ranar Lahadi ban dawo daidai ba. Da Fasto ya ce ikilisiya ta miƙe a yi addu'a domin masu mulkin ƙasa, tun daga na can sama har zuwa kansila, kowa ya tashi, kai kaɗai ka zauna. Daga layin mata na hango ka. Na ɗauka jiri ne ya ɗebe ka. A hanyarmu ta komawa gida, daidai wurin masu kifi, na tambaye ka, ka ce mini, "Mama, ni ba zan ɓata yawun bakina a kan mutanen nan ba. In ma zan yi musu addu'a, to ta Allah ya kwashe mana su ce."

Na ce, "Auta! Wa ya koya maka wannan magana?"

Ka dube ni, babu fushi babu raini, kamar na tambaye ka wa ya koya maka cin tuwo. Ka ce, "Ke mana, Mama. Ba ita kike yi wa Kansila Haladu kullum da safe ba? Ina shan kunu ina jin ki."

Ka ci gaba da tafiyarka. Ni kuwa na tsaya a wurin, har wata mai kifi ta turo mini benci. Shekara goma sha biyar ke nan da fara wannan abu, kana ɗan shekara tara. Ban taɓa zaton ka ji ba, balle ka riƙe, balle ka girma da shi a matsayin koyarwar uwarka. Na koya maka karatu, na koya maka waƙoƙin sujada, ashe abin da ya fi zama a zuciyarka shi ne wanda ban san ina koya maka ba.

Rabin labarin kaɗai ka sani, bari in ba ka shi duka.

Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu, tun kafin damina kowa ya ga alama. Ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwan da ke bayan gonakinmu, ta yi tsayin da za ta shanye mutum, kuma ka san kogin nan in ya zo bai sami hanya ba, gari yake shiga. Mazan unguwa, Musulmi da Kirista, da babanku a cikinsu, suka yi ta sintiri har aka turo katafila ta share. Kwana biyu ta yi tana aiki a wajenmu. Rana ta uku muka wayi gari babu ita. Kansila Haladu, wanda muka bi layi cikin rana muka zaɓa, ya sa an kai ta ɓangaren da gonar shinkafarsa take, ta yi masa jinga. Da aka same shi ya ce a yi haƙuri, za ta dawo. Ba ta dawo ba. Ruwa ne ya zo.

Kwana huɗu babanku yana cikin ruwa har ƙirji, suna jera buhunan ƙasa. Duk da haka jingar da suka yi ta ɓalle. Ɗakunanmu biyu suka zube, shinkafar da ta fara fitar da kai ta nutse, muka yi wata guda muna kwana a ajin firamare. Tarin da babanku ya ɗauko a ruwan nan bai sake shi ba, kafin a cire albasar rani mun binne shi. Ba don in wanke Haladu nake wannan rubutu ba. Abin da ya yi zalunci ne, kuma har gobe sunansa ke nan.

Kuskurena na farko ƙarami ne a ido. A lokacin ni ke jagorar addu'a a zumuntar mata, kuma duk ranar Alhamis akwai inda mukan ambaci shugabanni ɗaya bayan ɗaya. Sai na fara tsallake shi. In ambaci hakimi, in ambaci dagaci, sai in yi tsalle in faɗa kan marasa lafiya. Matan sun lura. Wasu ma sukan ƙara ƙarfin amin ɗinsu a daidai wurin don in san suna bayana. Tsohon Fastonmu, wanda ya rasu, ya kira ni gindin darbejiyar coci ya ce, "Rahila, Maganar Allah ba ta ware shugabannin da suka kyauta mana ba. Dukansu aka ce. Waɗanda aka fara ba wannan umarni ma, masu mulkin zamaninsu ɗaure su suke yi suna kashewa."

Na ce, "Baba Fasto, ba kai ka binne miji ba."

Ya sunkuyar da kai. Na koma gida ina jin daɗin na rufe bakin tsoho. Yau in na tuna, kunya kamar in nutse.

Auta, ranar da ka ga kana tantance wanda ya cancanci addu'arka da wanda bai cancanta ba, ka tsaya ka tambayi kanka wa ya naɗa ka alƙali. Addu'a domin shugabanni ba tukuici ba ce da muke ba wanda ya yi mana daidai. Umarni ne. Da cancanta ake bi, da ni da kai ba mu sami mai roƙa mana ba.

Daga tsallake sunansa a coci sai na koma ambatonsa a gida. Wannan ce wadda ka ji. Kowace safiya in durƙusa a bakin gado in ce, "Ya Ubangiji, ka ɗanɗana wa Haladu abin da ya ɗanɗana mini. Ka sa ruwa ya shiga gidansa. Ka sa ya binne nasa kamar yadda na binne nawa." Sannan in rufe da sunan Yesu. Ka ji fa. Sunan wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, shi nake liƙawa a ƙarshen la'ana, in tashi in kakkaɓe gwiwa in ce na yi addu'ar safe. Shekara biyu ina wannan, ko sau ɗaya ban ji tsoro ba.

Ban ce kada ka kai kukanka gaban Allah ba. Ka kai, ka faɗa masa an cuce ka, ka faɗi sunan wanda ya cuce ka, ba ya gajiya da ji. Amma akwai rata mai nisa tsakanin "ka tsayar da hannunsa daga zalunci" da "ka hallaka shi da gidansa". Ta farko tana barin ka mutum. Ta biyu, bari ka ji abin da ta mayar da ni.

Abin da zan rubuta yanzu, mutum ɗaya ne ya san shi a duniya, ita ma ta rasu.

Ka san shekara ashirin da biyu na yi ina karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin garinmu. Damina ta biyu bayan rasuwar babanku, ruwa ya yanke hanyar mota, sai da kwalekwale ake fita. Wata Talata da hantsi aka shigo da wata yarinya a kan tabarma, mutum huɗu na riƙe da gefunan. Cikin fari ne, wata takwas, jini ya jiƙe zanenta har yana ɗiga a siminti. Ni kaɗai ce ma'aikaciya a ranar, sai Iya Yagana mai shara, tsohuwar nan 'yar Birniwa da takan ba ka aya in ka biyo ni. Na durƙusa zan duba yarinyar, sai ɗaya daga cikin matan da suka kawo ta ta ce, "Malama ki taimaka, Zulai ce, 'yar Kansila Haladu."

Na miƙe tsaye. Na ce bari in ɗauko safar hannu.

Auta, safar hannun tana cikin aljihun rigata. Na san tana ciki, ina jin ta a jikin cinyata. Na shiga ɗakin magani, na turo ƙofa, na tsaya. Ban ce zan bar ta ta mutu ba, tunanin bai zo mini da kalmomi ba. Abin da na ji shi ne wani sanyi ya sauko mini a ƙirji, wani abu a cikina yana cewa, "An amsa." Daɗi na ji. Uwarka, mai jagorar addu'ar mata, wadda ta karɓi rabin yaran garin nan da hannunta. Ina jin nishin yarinyar ta bango, ina tsaye ina jera kwalaben da ba su buƙatar jerawa.

Ban san minti nawa na yi ba. Wata rana in ce biyu, wata rana in ce biyar. Iya Yagana ce ta banko ƙofa. Ta dubi hannuna, ta dubi aljihuna, ta dubi fuskata. Ta san labarin babanku sarai, kwana uku ta yi a gidanmu tana taya ni zaman makoki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Rahila, ba yarinyar nan ce ta ɗauke katafila ba. Ki ji tsoron Allahn da kike kira."

Sai a lokacin na ga kaina. Na fita a guje, na nemi jijiya ta ɓuya, sai a karo na uku na samu, na ɗaura mata ƙarin ruwa. Muka sa ta a kwalekwale, ni na riƙe ledar ruwan a sama da hannu ɗaya har muka kai tudun da mota take jira. A tsakiyar ruwa ta buɗe ido ta kama wuyan hannuna ta ce, "Mama, kada ki bar ni." Ba ta kai shekarun yayarka Talatu ba. Ga shi tana kira na Mama.

A babban asibiti a Hadejia aka yi mata aiki. Zulai ta rayu. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba. Likita ya ce tun suna gida ya rasu a ciki, ya ce da ba a ɗaura mata ruwan nan ba da ita ma ta tafi, har ya yaba mini a gaban danginta. Na san aikin, na san gaskiya ya faɗa. Amma likita bai san na shiga ɗakin magani ba.

Na roƙa Haladu ya binne nasa, ya kuwa binne. Ban yarda Allah ya ɗauki ran jariri don ya faranta wa gwauruwa mai fushi ba, Allahnmu ba haka yake ba. Abin da ya girgiza ni shi ne, da abin ya zo, a shirye ya same ni. Shekara biyu ina horar da zuciyata a gwiwa, ranar da aka gwada ta, ta yi daidai abin da na koya mata.

Bayan mako guda, da la'asar, kana wurin ƙwallo, aka yi sallama. Na leƙa, sai ga Kansila Haladu shi kaɗai, babu 'yan rakiya. Ya cire takalmi ya tsuguna a ƙofar gida, gidan da har lokacin rabinsa zana ce. Ya ce, "Malama Rahila, an gaya mini abin da kika yi wa Zulai. Ni na san ban cancanci haka daga gidan nan ba." Ya riƙa murza hularsa. Can ya ce, "Na ji an ce ke mai addu'a ce. Don Allah ki riƙa sa ni a ciki."

Na rasa inda zan sa idona. Shekara biyu yana cikin addu'ata, ba fashi ko na kwana ɗaya, bai san irin wadda ake yi masa ba. Da ƙyar na ce, "To."

Washegari na durƙusa don in cika alkawari, bakina ya ƙi. Na san kalmomin, na sha faɗa wa wasu, amma da na kawo sunansa sai in ga babanku cikin ruwa. Abin da na iya kawai shi ne, "Ya Ubangiji, ga Haladu." Sai in yi shiru. Na fi wata biyu a kan wannan. Sannu a hankali na ƙara: ka ba shi tsoronka, ka kewaye shi da masu gaya masa gaskiya, ka hana hannunsa cutar talaka, ka warkar da 'yarsa. Amma saboda kunya a zuci nake yi, leɓena kaɗai ke motsi. La'anar na yi ta da ƙarfi har kana ji daga tsakar gida, wannan kuwa na ɓoye ta. Shi ya sa ka ji ɗaya ba ka ji ɗaya ba. Wannan laifina ne, ba naka ba. In Allah ya ba ka 'ya'ya, ka bar su su ji tubanka da ƙarfin da suka ji fushinka.

Kada ka zaci labarin ya ƙare da Haladu ya zama mutumin kirki. Bai zama ba. Takin zamani da aka kawo domin manoma, 'yan jam'iyyarsa ya raba wa. Kacala ta sake rufe hanyar ruwa, bai ko leƙa ba. A nan na sake yin wani kuskuren. Matan unguwa, namu da maƙwabtanmu Musulmi, suka zo suka ce in shige musu gaba mu je mu yi masa magana, tunda yana jin nauyina. Na ƙi. Na ce wanda yake yi wa shugaba addu'a ba ya tsaya masa a gaba. Ƙarya nake, ko da yake a lokacin na yarda da ƙaryata. Gaskiyar ita ce ba na son haɗa ido da uban Zulai. Daminar nan ruwa ya sake shiga ƙasan unguwa, cikin ɗakunan da ya rushe har da na Iya Yagana. Na gan ta zaune a kan buhun kayanta a bakin hanya, ta gaishe ni kamar kullum.

Shekara ta gaba ban jira a kira ni ba. Mu goma sha ɗaya muka same shi a ƙofar gidansa, yana tsakiyar mutanensa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Ranka ya daɗe, ka ce in sa ka a addu'a, kuma ina sa ka kullum. Shi ya sa ba zan yi maka ƙarya ba. Hanyar ruwan nan amana ce a wuyanka, in ta sake cin gida, Allah zai tambaye ka." Fuskarsa ta canza. Wani daga cikin mutanensa ya ce 'yan adawa ne suka turo mu. Shi kuwa ya tashi ya shige gida ko sallama babu. Bayan mako uku katafila ta zo, ta yi kwana shida, ba ta gama ba ta tafi. Ruwan ya tsaya a bakin gonaki a shekarar. Ban sani ba ko maganarmu ce, ko zaɓe ne da ya matso.

Don haka ka ji ni da kyau. Yi wa shugaba addu'a ba yarda da shi ba ne, ba kuma rufe baki ba ne. Duk lokacin da Haladu ya sake tsayawa takara, na bi layi na jefa wa wani ƙuri'ata, na dawo gida na durƙusa na ambaci sunansa. Babu inda biyun suka ci karo. Abin da na lura ma, tun da na fara roƙa masa alheri, maganata a gabansa ta fi nauyi, domin babu dafi a cikinta.

Inda za ka, fuskokin 'yan siyasa za ka wuni kana bugawa a takardun neman ƙuri'a, manya-manya, masu murmushi, ana ɗaure su dami-dami. Za ka ji zagi a wurin aiki, za ka gani a wayarka. Har a coci za ka haɗu da masu cewa wancan namu ne a sa masa albarka, wannan ba namu ba ne Allah ya yi mana maganinsa. Kada ka ce amin ga irin wannan. Ka yi fushi da zalunci, ka faɗi gaskiya, ka yi zaɓenka. Sannan ka ɗauki wanda ka fi ƙi a cikinsu, ka fara da shi da safe. In bakinka ya ƙi, ka faɗi sunansa kawai ka yi shiru, Allah ya san sauran. Hannun mutanen nan ne ke sa ruwa ya shiga gari ko ya wuce, in Allah bai riƙe wannan hannu ba, mu ne a ƙasa.

Kuma kada ka yi saurin cewa kai ba irinsu ba ne. Ni ma na taɓa riƙe iko. Na 'yan mintoci ne, a kan yarinya ɗaya tak, ka ga abin da na yi da shi. Tun daga ranar, in na ga mutum da mulkin dubban jama'a a hannunsa, tsoro nake ji masa.

Zulai tana aure a Malam Madori, 'ya'yanta uku yanzu. Duk sallah sai ta aiko mini da abinci, in ta shigo gari sai ta zo ta durƙusa ta ce Mamanta da ta cece ta. Ina karɓa, ina sa mata albarka, ban taɓa iya gaya mata ba. Yaron nan kuwa, da ya rayu, bana zai cika sha uku. Ba wanda ya raɗa masa suna, ba wanda yake lissafa masa shekaru, sai ni.

Ka gafarta mini, Auta. Ubangiji ya riga ya gafarta, na gaskata haka, amma kai ban taɓa roƙonka ba.

Allah ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya tsare ka daga haɗarin hanya, da mugun aboki, da ciwon da ba ka san kansa ba. Ya ba ka abinci mai albarka da barci mai daɗi a garin da ba ka da kowa. Ya tsare bakinka, ya tsare zuciyarka fiye da yadda na tsare tawa. Ya ba masu mulkinmu tsoronsa, waɗanda muka zaɓa da waɗanda ba mu zaɓa ba, ya ba ƙasarmu salama. Talatu da yaranta suna gaishe ka. Alherin Ubangijinmu Yesu ya kasance tare da kai har mu sake ganawa. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Rahila